Kujerar Ɗantsoho, Badukun Jirage

Duk mai sammakon zuwa tashar Jega ya san shi, ko bai san sunansa ba. Da gari ya yi haske za ka hango wani dattijo dogo, bayansa a tanƙware, yana tafe a hankali daga ƙofar tasha zuwa inda motocin Aliero ke lodi. Kansa a ƙasa, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ɗayan riƙe da gwangwanin madara. Ƙusa yake tsinta, da guntun waya, da noti, da duk ƙarfen da zai huda taya ko ƙafar mutum. 'Yan kamasho na yi masa dariya, suna cewa tsoho ya yi ɓatan zinari. Ba su san ba a inda ya yi aiki haka ake buɗe kowace safiya, a jeru a tsince fili tas kafin jirgi ya motsa. Sai ya gama sannan ya wuce rumfarsa da ke ƙofar gidansa a unguwar Firchin, ya fito da basilla da zare da kakin zuma, ya jira masu kawo kujerun mota da sunka yage.

Wannan shi ne Ummaru Ɗantsoho, baduku jikan baduku, haifaffen Gehuru. Ni kuwa Rakiya ce mai waina ta bakin tasha, ɗiyar gwaggonsa, kuma na girme shi. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mani magana.

Ku sani tun yanzu, ba da daɗin rai nake yabon mutumin ga ba. Gida ɗaya munka tashi. Kakanmu na dukanci, Ɗantsoho na gabansa ana nuna masa riƙon basilla, ni ina bakin ƙofa da tsintsiya ina leƙe. Shi anka koya wa. Shi ya tafi birni ɗinkin kujerun motoci, shi wani soja ya ga hannunsa ya ɗauke shi zuwa rumfar jirage, shi ya hau sama. Ni iyakata Birnin Kebbi, ita ma ciwo ya kai ni. Shekara da shekaru ina gaban tanda hayaƙi na cin idona, in jirgi ya gifta can ƙololuwa ya bar farin layi sai in ce, ga ɗan kawuna can, ko gaisuwa babu. Har yau abin na ci na. Amma haushina na gida ne. Ban yarda wani ya taso daga waje ya cuce shi ba, kuma an cuce shi, an raba shi da barcinsa damina biyu.

Bai taɓa faɗa mana sunan wurin da ya yi aiki ba, ya ce an rantsar da su. Abin da na sani daga bakin Rufa'i na ji shi, wani tsohon sojan sama mutumin Maiyama da sunka yi aiki tare, wanda kan tsaya wurina cin waina ranar kasuwa.

In ji Rufa'i, akwai ƙananan jirage da ake ƙera wa attajirai da shugabannin kamfanoni, irin waɗanda mutum guda ke hawa da 'yan rakiyarsa ya je wata ƙasa ya karya kumallo. Cikinsu kamar ɗakin amarya: darduma mai laushi, kujerun fata, madubi, har da wurin dafa shayi. To sojoji sunka lura jirgin na da sauri, yana hawa sama ƙwarai, yana daɗewa bai nemi sauka ba, kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce wani mai kuɗi ne ke yawonsa. Sai su saye shi su yashe cikinsa. Inda attajiri ke miƙe ƙafa a kafa akwatunan ƙarfe masu sauraren maganar abokan gaba a oba-oba. A ƙarƙashin ciki a liƙa ido mai hangen duk abin da ke tafiya a ƙasa. Akwai ma na'urar da in an kunna ta, rediyon waɗancan sai ta koma shuuu, kwamanda na ihu mutanensa ba su ji.

Na ce, "Rufa'i, to mi baduku ke yi cikin wanga sha'ani?"

Ya ce, "Inna, ke dai ƙara mani yaji. An ɗauke shi ya ɗinka kujeru, ya ƙare shi ke tumɓuke su. Bayan nan sai wayoyi. Wayar da ke cikin jirgi guda ta fi ƙarfin ido, kuma jirgi rawa yake yi a sama. In waya ta goga da ƙarfe ta cinye, wuta ce, can kuwa babu bakin hanya da za ka tsaya ka sauka. Dole a tara su dami-dami, a ɗaure da zare mai kaki, ƙulli bayan ƙulli, a sa fata duk inda za su taɓa kaifi. Wurin matsattse ne, ƙarƙashin daɓen jirgi, sai mutum ya naɗe kamar ɗan tayi. Ɗantsoho ke shiga. Da safe mu ga ƙafafunsa, da la'asar mu ga fuskarsa."

Kai ne, Ɗantsoho, manyan sojoji masu galan a kafaɗa sunka jeru gaban jirgi anka ɗauke su hoto kana cikin cikinsa kana ƙulli. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton ƙafafun nan naka. Baduku mai ɗinkin da ba a gani.

Suna da wata ƙa'ida a rumfar. Kayan aiki duka a jikin allo suke rataye, kowane da ƙusarsa. In za ka ɗauki abu sai ka rataya 'yar tagulla mai lambarka a gurbinsa, ta zauna nan tana faɗin sunanka har ka maido. Kuma jirgi ba ya tashi matuƙar akwai tagulla rataye a allo. Wata rana an gama aiki, an rufe daɓe, matuƙa sun sa kaya, manya na jira. Ɗantsoho ya warware tsummansa ya ga allura guda babu. Tasa ce ta gida, irin ta kakanmu, ba ta allo ba, ba wanda ya san da ita. Yana iya yin shiru. Sai ya je gaban babbansu ya ce a tsaida jirgi, ya yi ɓatan allura.

Rufa'i ya ce zagin da ya sha ranar, da za a zuba shi a buhu jaki ba ya ɗauka. Anka sake buɗe daɓe, ya shiga, ya yi ta lalube har rana ta karkata. Ya fito da ita daga tsakiyar damin wayoyi, tsininta jingine da wata jar waya. Ladansa anka hana shi ƙarin girma shekarar.

"Ina cikin waɗanda za su hau jirgin nan," in ji Rufa'i. "Duk ɗiyan da na haifa bayan ranar, Allah ne ya ba ni su, amma ta hannun ɗan'uwanki."

Naɗewar nan ce ta cinye masa baya. Da anka sallame shi munka kai shi Aliero wurin masu ɗori. Sunka lalube shi sama da ƙasa, sunka ce ba karaya ba ce balle su ɗora, ƙashi ne ya gaji. Ba ya iya kwanciya miƙe, ko a tabarma ko a gado. Abin da ya dawo da shi daga aikin, ban da akwatin tufafi, kujera ce guda cikin waɗanda ya tumɓuke. Za a zubar da su babbansu ya ce ya ɗauki ɗaya. Ya kafa ta kan katako a zaurensa. Fata ce ruwan madara, in an danna wani maɓalli a gefe sai ta kwanta baya daidai yadda ƙugunsa ke so. A kanta kaɗai barci ke ɗaukarsa. Ku riƙe wannan: ba kayan ado ba ce, gadon mara lafiya ce.

Duk da ciwon bayan nan nasa bai zauna ba. Ku tambayi Jibrilla direba, mai jigilar Jega zuwa Maiyama. Kujera ya kai masa ɗinki, Ɗantsoho ya shiga motar ya ji ƙauri, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari ba wanda ya sa shi. Ya ishe wayoyi a cukurkuɗe, wata har ta fara narkewa. Ya kwanta nan yana nishi, ya tsefe su, ya ɗaure su ƙulli-ƙulli, sai da anka kama shi sannan ya iya miƙewa. Motar nan mata da goyo take ɗauka kullum. Daga ranar rabin motocin tasha sun bi ta hannunsa. Kuma ba ya hana kowa aro, almakashi ne, guduma ce, basilla ce. Sai dai ka bar wani abu naka, carbi ko zobe ko agogo, ya rataya a ƙusa har ka maido.

Amma Jega ba wayoyi ta gani ba, kujera ta gani. Mutanen da ba su taɓa gaishe shi ba sunka riƙa zuwa duba jiki, idonsu na kan fata. Cikinsu har da Alhaji Bature, babban dillalin albasa, wanda buhunansa ke cika rabin tasha in kaka ta yi. Ya zo da jama'arsa, ya shafa, ya danna, ya ce a sayar masa. Ɗantsoho ya ce ba ta sayarwa ba ce. Na ga fuskar Alhaji ranar, na kuma gane ta, don irinta nake gani in na leƙa randa.

Shekarar da anka ba mu jiha gari ya cika da murna, anka kafa kwamitin tarbar manyan baƙi, Alhaji Bature ne shugaba. Sai ga su a zauren Ɗantsoho.

"Malam Ummaru, babban baƙo za mu yi, duk Jega kuwa babu kujerar da ta dace da shi sai taka. Wuni guda."

Ɗantsoho ya ce, "Don gari ne, ku ɗauka. Sai dai Alhaji ka san ƙa'ida. Mi za ka bari?"

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tuɓe hullarsa, wata shuɗiya mai aikin hannu da kowa ya san shi da ita, ya miƙa. "Ga kaina nan na bar maka, baduku." Jama'a sunka kwashe da dariya. Ɗantsoho bai yi ba. Ya buga ƙusa a bango daidai inda kujera take, ya rataya.

Anka yi biki anka watse. Kujera ta wuce zauren Alhaji, wai za a goge ta. Gogewar ke nan. A kanta yake zama yana sallamar manoman albasa na Aliero da Dangamaji, maroƙa na kiransa mai kujerar sama. Har na ji yana gaya wa baƙi a Jidda ya sayo ta. 'Yan kwamiti sun sani, sunka yi shiru, don a zauren nan suke shan shayi.

Salima matar Ɗantsoho ce ta gaya mani halin da ake ciki. Buhunan ƙaiƙayi ya jingina da bango, a kansu yake kwana a zaune, ya zame ya farka, ya zame ya farka. Idonsa ya faɗa. Na same shi na ce, "Kai wai bakinka ma a jirgi ka baro shi? Tashi ka je ka karɓo abinka."

Ya ce, "Yaya, wanda ya ɗauka shi ke maidowa. Ga hullarsa nan."

"Hullarsa! Akwati guda gare shi na hulluna."

"Wagga ce ya bari."

Kowace Jumu'a sai ya sauke ta ya kakkaɓe ya mayar. Ka ji kuskurenka, Ɗantsoho, zan faɗa maka shi gaban mutane cikin yabon naka. Ka ɗauka Jega rumfar jirage ce, inda komai ke tsayawa in tagulla na rataye. Nan kuwa hulla na bango, albasar Alhaji na tafiya kudu kullum. Kai ne mai haƙurin da ke ba ni haushi fiye da hawanka sama. Ni da za a auna nawa haƙurin, ba ya cika ludayin ƙullu.

Na jira kakar albasa ta bana, ranar kasuwa, sa'ad da buhunan Alhaji sunka taru a tasha ana jiran lodi. Ɗantsoho na can yana tsintarsa na bi ta Firchin na sauke hulla. Salima ta gani ta juya baya, wai tana neman muciya. Na zo na kafa sanda gefen tanda, na ɗora hulla a bisa, na hura wuta.

Jibrilla ne ya fara gani. "Inna Rakiya, aure kinka yi ba mu ji ba? Hullar wa ke shan hayaƙi?"

Na ce, "Ta wani ce da ya bar kansa a Firchin. Gangar jikin nake jira ta zo ta ɗauka."

Wani mahauci ya ce, "Inna, a sa mata yaji ko haka nan ake ci?"

Kafin hantsi tasha duka ta san hullar wa ce, ta kuma san dalili, don duk wanda ya sayi waina sai na haɗa masa da labari. Alhaji ya aiko wani cikin mutanensa. Na ce ya koma, mai kai shi ke zuwa. Da rana ta take sai ga shi, babbar riga na jan ƙasa.

"Hajiya, barka da kasuwa."

"Ba ni Hajiya ba. Ban taɓa hawa jirgi ba, ko kujerarsa ban taɓa riƙewa ba."

"Inna, wanga ba girmanki ba ne. Hullar namiji bisa tanda, cikin kasuwa?"

"Bayan namiji bisa buhun ƙaiƙayi fa, shi girman wa ne?"

"Kujerar nan don baƙin gari nake ajiye da ita."

"Baƙon da kunka ara dominsa har an canja shi an kawo wani. Kai ne ka zama baƙo a zaurenka?"

Mutane sunka fara taruwa. Ya matso, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ni na hana shi zuwa? Ya zo ƙofata ya tambaya mana. Gaban jama'ata na ce ya sayar mani, ya ce a'a. Ni, Inna. Na je Makka na dawo a matse cikin jirgi kamar buhun albasa, shi baduku na kwance bisa kujerar attajirai."

Na ce, "Na sani, Alhaji, ciwonmu ɗaya, na ma riga ka kamuwa. Amma ni ban hana shi barci ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki hulla. Na ɗaga cokalin juya waina, mai na ɗiga. Ban ce zan yi komai ba, ɗagawa kawai na yi. Sai Rufa'i, da ke zaune kan benci tun safe, ya taune lomarsa ya ce da ƙarfi, "A wurinmu dai, in abin mutum na rataye, jirgi ba ya tashi."

Jibrilla ya dubi direbobin manyan motoci, su kuma sunka dubi 'yan dako. Wani ya sauke buhun da ke kansa ya zauna a bisa. Na kusa da shi ya yi haka. Direban da ke gaba a layi ya kashe mota ya fito, ya ce shi yunwa yake ji, a zuba masa waina. Albasa kuwa kun san ta da rana cikin buhu, ba ta jiran a gama fushi.

Alhaji ya dubi buhunansa, ya dubi hulla, ya juya. Kafin azahar sai ga amalanke ya shigo tasha, kujera ɗaure a bisa, hannunta ɗaya ya yage, tana warin turare da albasa. Direbobi sunka raka ta Firchin suna danna odar motoci kamar amarya.

Kuna tsammani ya gode mani? Ya zo wurin tanda yana dafe da ƙugu, fuska a haɗe. "Yaya, kin ɗauki abu a ƙusata ba ki bar komai ba."

Na ce, "Allah ya shirye ka, Ɗantsoho."

Ya sauke hulla daga sanda, ya hure toka, ya goge ta da hannun rigarsa. Ya taka har inda Alhaji ke tsaye gefen buhuna, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Na gode da ka maido." Alhaji ya karɓa bai iya ɗaga ido ba. Ni kuwa kamar in jefe su duka biyun da tanda. Damina biyu ina dafa maganar da za a gaya wa mutumin nan, shi ya je ya yi masa godiya. Irin abin da ya sa anka ɗauke shi sama anka bar ni ke nan, na sani, kuma sanin bai rage mani komai ba.

Ya ce in zo in zauna a kanta in ji. Na ƙi. Na san kaina. In na zauna sai an sake tsaida motoci kafin a tashe ni.

To Ɗantsoho, ga godiyata, ka karɓe ta yadda ta fito, ba ni da mai laushi. Na gode a madadin sojojin da sunka sauka lafiya ba su san sunanka ba, da matan Maiyama da ke shiga motar Jibrilla ba su san mi ke ƙarƙashin sitiyari ba. Ka fi ni, na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran na biyu. Allah ya sassauta maka bayan nan, ya ba ka ladan ƙullin da ba wanda ya gani.

Ku kuma 'yan kwamiti, ban gama da ku ba. Alhaji ya maido kujera, ku ba ku maido komai ba, kuma kun san abin da kunka ɗauka: shirun da kunka yi. Har yau ba wanda ya taka ya ce masa a yi haƙuri. Ku masu sana'a, matasa da manya, ku koyi faɗin allurar da ta ɓace ko da ba wanda ya san da ita. Duk mai riƙe da abin wani tsoho da sunan aro, ya ɗauka ya kai yau, kada ya jira wata Rakiya ta hura masa wuta. Ku je Firchin ku gaishe da mutumin nan tun yana ji da kunnensa.

Amma kada ku je bayan azahar, kuma in kun je kada ku yi sallama da ƙarfi. Barci yake yi.